A-kori-kura da raka-ni-kashi: wa ke raɗa wa abubuwa suna a Hausa?

Akwai ƙorafin da ba ya tsufa a majalisun dattawan Katsina, wai yaran yanzu sun lalata Hausa. Yaro zai buɗe baki ya ce abu ya haɗu, ko ana shanawa, ko wane ya ci taliyar ƙarshe, sai dattijo ya girgiza kai ya ce an shiga uku. Malaman harshe suna kiran irin wannan magana sara, wato kalmar da aka ƙirƙira ko aka murɗe ma'anarta, ta yi tashe a bakin wani rukuni na jama'a. Amma shi dattijon mai ƙorafi, in zai aika da hatsi ƙauye cewa yake a nemo masa a-kori-kura. In jikarsa ta fito da ƙuraje a fuska ya ce bar-ni-da-mugu ne. In ya ga yaro da hular nan mai baki a gaba ya ce cire hana-sallar nan. Bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa inda waɗannan sunaye suka fito ba. Wani ne can a wata majalisa ya kalli abu ya yi masa shaƙiyanci, aka tuntsire da dariya, sunan ya bi abin har yau.

Hanyar ƙera irin wannan suna ta girmi duk wanda ke raye. Bahaushe yakan ɗauki jimla sukutum ya dunƙule ta ta zama suna guda. Haka aka samu dafa-duka, faɗi-tashi, ka-ce-na-ce, ja-in-ja, ƙaƙa-ni-ka-yi, ci-ma-zaune, a-ci-balbal, gai-da-yaya da fasa-ƙwauri. Babu malamin Hausar da zai ja wa ɗaya daga cikinsu jan biro a takardar jarrabawa. To wanda ya kalli ƙaramar Nokia mai tocila ya ce mata raka-ni-kashi, a ina ya kauce? Tandar dai ita ce ta jiya, ƙullun ne ya sauya.

Wannan suna ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, don ya nuna yadda abin ke aiki. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, Nokia 1100 kuma ta fito a 2003, da ita da ƙannenta suka cika aljihun mutane. Kamfani ya sa mata lamba, ya yi tallar batirinta da ƙwarinta. Mai amfani da ita a lungun Rafindaɗi ko Sabuwar Unguwa bai damu da lamba ba. Abin da ya sani shi ne tsakar dare, an ɗauke wuta, ciki ya murɗa, masai yana can ƙuryar gida, ga tsoron kunama a bakin rami. Sai ya laluba ƙarƙashin matashi ya jawo 'yar wayar nan da aka ɗaure bayanta da kyauro, ya kunna fitilar da ke kanta, ya bi haske. Duk wannan labari yana cikin kalmomi uku. A cikinsu akwai raini, don mai babbar waya ne ke fara faɗin sunan yana taɓe baki. Akwai kuma yabo, don ranar da babbar ta mutu saboda rashin caji, 'yar rainin ce ke kwana uku tana aiki. Akwai ma ƙorafi kan wutar lantarki, ba tare da an ambaci sunan kowa ba.

Nan ne sara ta bambanta da sunan da kamfani ko hukuma ke bayarwa. Sunan hukuma nuni kawai yake yi, na titi kuwa hukunci yake yankewa. Motar hayar da ake ce wa shiga-da-alwala, an gama gaya maka irin gudun da direbanta ke yi da kuma inda tafiyar za ta iya ƙarewa. Babur ɗin da matasa ke kira wayyo-kuɗina, kukan mai shi ne ranar da aka goge masa fenti ko aka yi awon gaba da shi. Hular nan 'yar fara da ake tsokanar masu sa ta da taɓa-ni-ka-ji-hadisi, ba hular ake nufi ba, mai hular ake yi wa zambo, shi ma kuma sau da yawa dariya yake yi. Wata hular kuma tashi-ka-fiye-naci. Awara, da ake yi da waken suya, a wurare da dama ƙwai-da-ƙwai ake ce mata, talla ce da zolaya a haɗe: ga abin da ya yi kama da ƙwai ga wanda kuɗin ƙwai ya fi ƙarfinsa.

Babur mai ƙafa uku ya fi kowane abu nuna cewa kowane gari da idon da yake kallon abu. A takardar gwamnati Keke NAPEP ne, daga sunan shirin yaƙi da talauci da gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2001. Kanawa suka ce a-daidaita-sahu, saboda ya zo musu tare da shirin gyaran tarbiyya mai wannan suna na zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Shirin ya wuce da gwamnatinsa, sunan ya zauna a kan babur, har yaron da aka haifa bayan nan bai san cewa da can take ne na wa'azi ba. Sakkwatawa suka kalli yadda yake rangaji da faɗin gindi suka ce agwagwa-da-buje. Mu a Katsina kurkura muka ce, gajere, ba ado. A ganina na Sakkwato ya fi dukkansu hoto, amma namu ya fi saurin fita a baki in kana tsaye a Ƙofar Ƙaura rana na dukanka kana neman wanda zai kai ka babbar kasuwa.

Sai kuɗi, inda sara ta fi yin jijiya. Bahaushe ba ya son kiran kuɗi da sunansu gatsau, sai ya ce masu gidan rana, ko 'yan matsabbai, ko farare bugun Abuja in sababbi ne, ko kayan aiki in a bakin ɗan siyasa ne. Takardar naira 20 da ta fito a 1977 da hoton Janar Murtala Muhammed ta zama Murtala, har aka riƙa cewa Murtala biyu, Murtala uku. Ta naira 50 da ta fito a 1991 ta zama Wazobiya saboda hotunan ƙabilun da ke jikinta. Waɗannan suna dushewa, domin abin da takardun ke iya saya ya ƙare, ba wanda ke ɓata basirarsa a kan kuɗin da ko ruwan leda biyu ba za su kawo ba.

Amma jaka ta ƙi mutuwa. Je ka kara a kasuwar Mai'aduwa ko Charanci ka saurari ciniki. Saurayi ɗan birni ya zo sayen rago, ya dafa bayan wani ya ce, "Baba, wannan fa?" Dillali ya ce, "Taya, ɗana." Yaro ya ce dubu ɗari. Dillali ya juya wajen mai rago ya ce, "Alhaji, an taya jaka ɗari biyar." Mai rago ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Albarka." Aka ja, aka ja, dillali ya kama hannun yaro ya ce, "Cika ɗari bakwai a sallama maka, ban da la'ada." Yaro ya zaro waya yana lissafi, su kuwa sun riga sun san naira 140,000 ake magana. Asalin abin fam 100 ne ake ƙullawa a jaka guda zamanin Turawa. Da naira ta zo a 1973 aka canza fam ɗaya a naira biyu, sai jaka ta zama naira 200. Fam ya tafi, sule da sisi da taro sun tafi, sun bar mana "ko sisi" da "ko anini" a bakin wanda ke rantsuwar ba shi da komai, amma jaka tana nan tana aiki. Tsallaka Kongolam kuma ka shiga Nijar, jaka sefa 1,000 ce, dala kuwa sefa biyar, wato can ma jaka dala 200 ce. Shi ya sa mai ciniki a bakin iyaka yakan tabbatar ko jakar naira ake nufi ko ta sefa kafin ya ce ya sallama.

Mutane sukan ɗauka sara kayan nishaɗi ce kawai. Gaskiya ne da dariya ake haihuwarta, amma sau da yawa a cikin wahala. Kakanninmu ba su riƙe shekarun yunwa da lamba ba, suna suka raɗa musu. Ta 1914 Kakalaba ce. Ta farkon shekarun 1940 'Yar Gusau, don can aka riƙa zuwa neman hatsi. Ta 1984, mutanen Maraɗi da Damagaram suka sa mata 'Yar Buhari, saboda fari ya haɗu da rufe iyakar da gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta yi a watan Afrilun shekarar, hatsin Najeriya ya daina ƙetarawa. Abin lura, shi Buharin mutumin Daura ne, garin da bai fi tafiyar ɗan lokaci zuwa iyakar ba, kuma 'yan uwan juna ne ke zaune a ɓangarorin biyu. Suna ɗaya ya ɗauke abin da dogon sharhi zai ɗauka. Ciwon idon nan da muke ce wa afolo, ya ɓarke ne a Afirka ta Yamma a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 na Amurka ya sauka a kan wata, mutane suka haɗa biyun. Ga kuma na kwanan nan: bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da tsadar abinci ta kai intaha, ɓarzajjiyar shinkafar da masu casa ke warewa da can don kifi da kaji ta shigo tukunyar mutane, aka sa mata afafata. Wanda ya raɗa wannan suna bai yi zanga-zanga ba, bai rubuta takardar koke ba, amma duk wanda ya ji ya san me ake ciki.

Siyasa kuwa gonar sara ce, ba a rasa sabon tsiro duk kakar zaɓe. Lokacin da jam'iyyar PRP ta dare gida biyu a farkon shekarun 1980, ɓangaren Malam Aminu Kano suka zama 'yan taɓo, na Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka zama 'yan santsi. Abin ya shafe mu kai tsaye, don a lokacin Katsina tana cikin tsohuwar jihar Kaduna, sai a 1987 aka ba ta jiharta, kuma da aka tsige Balarabe Musa a 1981 mataimakinsa Abba Musa Rimi, ɗan ƙasar Katsina, shi ya hau kujerar. A 1998 aka samu tazarce, kiran da ake yi wa Janar Sani Abacha ya ci gaba da mulki. Abacha ya rasu a watan Yunin shekarar, kalmar ta zarce abinta: ta zama sunan doguwar riga, ta kuma zama sunan duk wani yunƙurin mai mulki na komawa kujera, har gidajen rediyon ƙetare suna amfani da ita a labarai ba tare da kowa ya ji wani banbaraƙwai ba. Sak tsohuwar kalma ce, ta miƙewa ba karkata, amma a fagen zaɓe ta koma nufin dangwala wa jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa. Wanda ya ƙi yin sak kuma ya yi wake-da-shinkafa, ko a ce angulu da kan zabo in ana zargin munafunci. Masu zagin abokan hamayya a rediyo sojojin baka. Zaɓen 2023 ya bar mana siyasar taliya, wato neman ƙuri'a da rabon taliya.

Ko sunan 'yan daba kowane gari da nasa: Kano 'yan jagaliya in na siyasa ne, Gombe 'yan kalare, Bauchi sara-suka, Katsina ƙauraye. Wannan na ƙarshe yana ɗan sosa rai in aka tuna cewa Ƙaura sarauta ce ta jarumta, Ƙauran Katsina shi ne jagoran yaƙi a tsarin masarauta. Kalma takan gangaro daga fada zuwa lungu, ba ta neman izinin kowa.

Akwai wani aikin da sara ke yi wanda ba a cika faɗa ba, shi ne ɓoyewa. 'Yan mata sun daɗe da zaurance, inda ake cusa wani harafi bayan kowace gaɓa, "zo mu tafi gida" ta koma "zodo mudu tadafidi gididada", a yi gulmar saurayi yana zaune yana murmushi bai san da shi ake ba. Mahauta da dillalai da direbobi kowa da Hausarsa, don a gama magana a gaban mai saye bai tsinci komai ba. Wannan wasa ne da neman abinci. Amma hanyar da ake bi a ɓoye wa saurayi ita ake bi a ɓoye wa uba. In yaro ya ce wa abokinsa zai je ya yi caji, uwa tana iya ɗauka waya ake nufi, alhali ƙwaya ce. Na goro ya fi cin hanci daɗin ji, cuwa-cuwa ta fi ha'inci sauƙin faɗa, ɗan bumburutu kuma kamar sunan wasa, ba kamar mai ɓoye fetur ya sayar da tsada ba. Kalma mai ban dariya takan wanke ƙazamin aiki har ya daina wari. A nan ina tare da dattawa, sai dai ba nahawu ya kamata su tsare ba, ma'ana ya kamata su bi.

Matsalar tsaro ma ta zo da nata kalmomin, kuma ba na dariya ba ne. Da 'yan kwanta-kwanta ake tsoro a hanya, sunan da aka ciro daga umarnin da suke ba fasinja. Yanzu a ƙauyukan Jibiya, Batsari da Safana za ka ji ɓarayin daji, ko mutanen daji, ko kawai "mutanen nan" in mai magana bai yarda da wanda ke kusa ba, don infoma ya shigo Hausa ya zauna daram. Har wani samfurin babur na Honda mai ƙarfi a daji an laƙaba masa Boko Haram, ana faɗa a bakin 'yan kasuwa kamar sunan kamfani.

To me ya sa wata kalmar ke rayuwa wata ta mutu? Galibin sara ba ta daɗewa. Ɗan kwalisa ya ba ɗan gaye wuri, kilaki ta zama maganar tsofaffi. Wuf, da ta cika Facebook da TikTok a 'yan shekarun nan, ta yin caraf da wanda ake so a aure shi kafin wani ya riga, ta riga ta fara sanyi a bakin waɗanda suka yayata ta, don da zarar iyaye sun fara faɗin kalma, 'ya'ya sun bar musu ita. Kafafen sada zumunta sun ƙara wa abin sauri ta fuska biyu: kalmar da aka ƙirƙira a Kano da safe tana Daura kafin la'asar, amma kuma yawan maimaitawa yana gajiyar da ita da wuri. Da can sai direban mota ko mawaƙi ko ɗan kasuwa ya ɗauko kalma ya kawo, tana tafe tana gogewa. Waɗanda ke daɗewa su ne masu abu tsayayye a ƙarƙashinsu, abin da ake gani kullum kuma ba shi da wani suna mai daɗin faɗa. Kurkura tana nan muddin babur ɗin yana kan titi. Tazarce tana nan muddin akwai mai mulkin da ba ya son sauka.

Su ma masana da 'yan jarida suna ƙirƙira, kuma nasu ma titi ne ke yanke masa hukunci. Na'ura mai ƙwaƙwalwa tana nan a rubutu da labaran rediyo, amma wanda zai je shagon buga takarda kwamfuta yake cewa. Yanar gizo ta samu karɓuwa, don akwai hoto a cikinta, ga shi kuma Gizo ɗan gida ne tun a tatsuniya. Wayar tafi-da-gidanka ta aro rigar kotun tafi-da-gidanka, ta yi zamaninta, sannan mutane suka ga ai waya kawai ta isa tunda ta girke ta ɓace.

Misalin da ya fi jan hankalina shi ne na cutar ƙanjamau. Shi kansa sunan ƙirƙira ne, daga ƙanjamewar jiki, a kan awo irin na ciwon shanyewa da ramewa da Bahaushe ya saba sa wa suna. Titi bai tsaya nan ba, ya ƙara da kabari-kusa da kabari-salamu-alaikum. An yi dariya, amma dariyar ta yi ɓarna: mutum ya gwammace ya mutu a ɗaki da ya je gwaji a ji, matar da mijinta ya shafa mata aka guje ta a gidan biki, aka ƙi cin abincin hannunta. Ma'aikatan lafiya da masana harshe suka matsa a riƙa cewa cuta mai karya garkuwar jiki, a taƙaice karya-garkuwa, wanda shi ma jimla ce aka dunƙule, irin ƙirar da titi ya saba da ita, shi ya sa bai yi nauyi a baki ba. Rediyo ya ɗauka, asibiti ya ɗauka. Sai dai ba wa'azin ma'aikatan lafiya kaɗai ya kori kabari-kusa ba. Magungunan rage kaifin cutar sun wadata a asibitocin gwamnati kyauta, mutane suka ga wanda aka gama yi wa ta'aziyya a zuci yana buɗe shagonsa kowace safiya, shekara goma, shekara goma sha biyar, ya aurar da 'ya'ya, ya je Hajji ya dawo. Yaran da ke sakandare yanzu da yawansu ba su ma taɓa jin sunan ba.